Fararen Kayan Kafinta

Kafinta ba ya son a tayar da maganar hoton nan. Da an taɓo ta, sai ya ɗaure fuska, ya hau dukan ƙusa kamar ita ta yi masa laifi.

Shi ne fa ya fara abin. Wata rana 'yarsa ta dawo daga makaranta siket duk datti, ta ce benci ya karye, a ƙasa suke zama. Ya je ya kwaso karyayyun bencina ya gyara kyauta. Daga baya maƙwabcinsa mai walda ya shigo yana liƙa ƙafafun ƙarfe, matan layi suna shafa fenti, har abin ya zama ƙungiya.

Sai aka ce baƙi za su zo, masu tara gudummawar jama'a daga ƙasashe suna tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi irin tasu. Kafinta ya share shago tas, ya tura karyayyun bencinan can baya wajen mai walda, wai kada a ga tarkace. Ya sa fararen kaya, ya fesa turare, ya hakimce a kujera.

Baƙin suka gaishe shi da ladabi, suka tambayi inda ake aikin. Kafin ya gama gyara murya, sun jiyo ƙarar walda sun zagaya baya. Can suka tarar da mutumin, riga duk ƙuna, rungume da benci. Shi suka yi wa tambayoyi, shi suka ɗauka a hoto.

Tallafi ya zo, ba ƙarya: katako, sabon zarto, injin goge katako. Yara sun samu wurin zama. Amma hoton da ya zaga duniya na mai walda ne, kuma don rashin ta-ido ya manna shi a bangon da ke kallon ƙofar Kafinta. Abin yana cin Kafinta a rai, ba ya ma ɓoyewa.

"Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba," in ji shi.

"Ai kai ma kana ciki, maigida," matarsa ta ce. "Ga ka can baya, ka tattare riga kada ta taɓa fenti."

Tun daga ranar riga ɗaya yake sawa a shago, tsohuwa mai yagaggen aljihu, kuma ya hana a ɗinke ta. Karyayyun bencina kuwa a bakin ƙofa yake jibge su. Duk baƙuwar motar da ta rage gudu a layin, sai ka ga ya yi wuf ya ɗauki zarto.