Jan Maɓallin da ke Bayan Akwati

Ko da zan manta ranar da aka ɗaura mini aure, ba na jin wata Juma'a da na yi a gidanmu na Zongo za ta taɓa fita daga raina.

A lokacin ina karatun kwamfuta. Yayana ya kama shago a Agoè, yana son buɗe wurin da samari za su riƙa buga wasan kwamfuta, sai ya ce ni zan haɗa masa na'urar farko. Ni kuwa dama kaina na rawa. Na yi makonni ina yawo a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ina zaɓen kaya kamar mai haɗa lefe. Na tabbatar furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, zai zauna a ramin babban allo, na ƙi wani ram mai ƙyalli don ba irin wanda allon ke ɗauka ba ne, har da magwaji na je na auna katin hoto don kada ya fi akwatin na'urar tsawo. Wani mai shago ya so ya lallaɓa ni da fanka mai fitilu, na ce masa fitila ba ta ƙara wa wasa gudu.

Abu ɗaya ne ban saya da hannuna ba: akwatin wuta, wanda muke kira alim, shi ke raba wa sauran kayan wuta. Yaya ne ya kawo shi daga cikin kayan gwanjo da aka sauke a tashar jirgin ruwa.

"Ɗan Amurka ne, kuma a ɓagas," in ji shi. "Ji nauyinsa kawai."

Na ɗaga, na ji nauyi, na ga ƙarfinsa zai ɗauki katin. Shi ke nan na ɗaure shi.

Ranar Juma'a da azahar na gama haɗawa. Maza duk sun tafi masallaci, Inna ta tafi gidan suna a Kégué. Daga ni sai Kaka, mahaifiyar babana, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun da hawan jini ya kayar da ita. Ɗaki ɗaya muke, labulen leda-leda ne ya raba gadonta da teburina, kuma bayan na'urar yana jingine da labulen.

"Ƙawata, yau ma da wannan akwatin za ki wuni?" ta ce daga can ciki.

"Yanzu za ki ji shi yana numfashi, Kaka."

Na yi bisimilla na soka waya a bango. Ko maɓallin kunnawa ban kai ga taɓawa ba, sai na ji tau! Tartsatsi ya fito ta bayan akwatin, wani wari mai ɗaci ya cika ɗakin. Kafin in gane abin da ke faruwa, gindin labulen ya kama. Irin yadin nan ba ya tsayawa ci, narkewa yake yana hawa sama, yana ɗigo da wuta. Ga katifar Kaka ta soso a bayansa, ko taku biyu babu.

Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne lungunmu, wanda ko amalanke sai an karkata ta take wucewa, balle motar kashe gobara. Na rarumi bokitin ruwa, sai na ji Kaka tana tari tana cewa, "Kada ki zuba. Cire wayar tukuna."

Na fizge wayar. Na cafki labulen daga sama na yage shi zuwa ƙasa, ledar ta manne mini a hannu, ban ma ji zafi ba a lokacin. Na juye masa bokitin, amma hayaƙi ya riga ya toshe ɗakin, ba na ko ganin ƙofa sosai, kuma ban san ko katifar ta kama ba. Na lalubo Kaka, na juya mata baya, na ce ta riƙe wuyana. Yadda ta goya ni ina ƙarama, haka na goya ta muka fito tsakar gida, ina kuka ina kiran maƙwabta. Mata suka fito da ruwa suka ƙarasa kashewa.

Da Yaya ya dawo, kai tsaye ya nufo inda muke. Ya durƙusa gaban Kaka ya daɗe bai ɗago ba. Sai da yamma muka juya akwatin, na ga wani ɗan jan maɓalli a bayan alim ɗin, bai kai farce ba. Yana kan wutar Amurka, wadda rabin tamu ce. Da na tura shi gefe da ɗan yatsa, da babu abin da zai faru. Katin hoton da na yi ta aunawa ya sha ruwa, ya tafi.

Kaka tana shafa mini magani a hannu ta ce, "Na ga kin bar akwatin kin ɗauke ni. Ashe dai na fi shi tsada."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Na haɗa na'urori da yawa tun daga lokacin, kuma har yau ina neman mai araha. Amma na gane cewa kaya su dace da junansu bai isa ba, sai sun dace da wutar gidan da za su zauna, da mutanen da ke kwance kusa da su. Alim nake fara saye yanzu, sabo, kuma da hannuna. Kafin in soka kowace waya a bango sai na juya akwatin na duba bayansa, da hannun nan mai tabo.