Sa Hannun Ɗan Fari

Shekarar da aka kama ƙanena da laifin tuƙi cikin maye, shekarata tara ke nan ina koyarwa a wata firamare a Gurbin Bore. Shi direba ne, yana jan mota tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi. Wata ranar kasuwa ya sha abin da ya sha a ɓoye, ya ɗebo fasinja, kusa da Badarawa ya saki hanya ya afka gonar dawa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, sai wata tsohuwa da ta karye a hannu. Waɗanda suka jawo shi daga motar ba su buƙaci likita ya gaya musu abin da ya faru ba, warin bakinsa ya isa shaida.

Alƙali ya sa aka yi masa bulala, aka karɓe lasisinsa. Maimakon gidan yari, sai ya sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara guda: kowace Litinin ya je ya sa hannu gaban wani jami'i, kuma ba zai bar jihar ba sai da izinin kotu. Aka ce a kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Ma'aikacin gwamnati ɗaya ne a gidanmu. Na je na tsaya, ko sannu ba wanda ya ce min.

Ni ne ɗan fari, shi kuma auta. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, tun da na fara aiki sai dai ya ce Malam. Ba ya zama hira da ni, ba ya neman abu a wurina baki da baki. In yana da magana, sai ya gaya wa Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta kawo min. Nawa saƙon ma ta hannunta yake bi. Sau biyu na aike ta ta roƙar min shi ya sa baki a mayar da ni Kaura, don matata da yarana suna can, kuma hanyar Zurmi da nake bi zuwa Gurbin Bore ta zama wadda ba ka shigarta sai ka karanta duk addu'ar da ka sani. Baba malami ne, waɗanda suka yi karatu a zaurensa sun cika ofisoshi. Sau biyun amsa ɗaya Gwaggo ta dawo da ita: shi ba ya zuwa ƙofar kowa neman alfarma. Na yarda, har ina alfahari da shi a kan haka.

Wata uku da hukuncin, zaman Kaura ya gagari ƙanena. In ya fito za shi sa hannu, 'yan tasha na yi masa kirarin ɗan Litinin, tsofaffin abokan shansa kuma sun fara zagayen ƙofar gida. Baba ya yanke shawarar a kai shi Katsina wurin Kawu, mai shagon kayan mota. Ashe mayar da sa ido zuwa wata jiha aiki ne ja. Sai Kawu ya rubuto cewa zai riƙe shi, sai ofishin can ya amsa zai karɓe shi, sai alƙali ya amince, sannan wanda ya tsaya masa ya sa hannu cewa ya yarda, don in ya gudu wuyansa za a kama.

Matata ce ta ba ni labari a waya. Mutumin da ba ya zuwa ƙofar kowa ya sa babbar rigarsa ya tafi Gusau har sau uku. Ya zauna a benci yana jiran yaran da ya koya wa alwala su gama shan shayi su gan shi. Da ta gama na ce mata to madalla, na kashe wayar. Ranar ban iya cin abinci ba. Kishi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ina da shekara kusan arba'in, da furfura a gemu, ina kishin yaron da ni na goya.

Takardar ta iso ni ta hannun Gwaggo, kamar kullum. Na karɓa na ce zan duba, na tafi da ita Gurbin Bore na tura ƙarƙashin takardun jarrabawa. A raina na ƙudurta ba zan taɓa ta ba sai Baba ya nema da bakinsa. Gwaggo ta kira, na ce muna jarrabawa. Ta sake kira, na ce ina so in fahimci abin da zan ɗaukar wa kaina. Ta ce tun yaushe Turanci ya fara yi min wuya. Amincewar Katsina ta wata guda ce, in ta wuce sai a sake komai daga farko, kuma na san da haka sarai.

A mako na uku ƙanena ya kira da kansa.

"Yaya, don Allah mi na yi maka?"

Na ce masa ba komai, kuma gaskiya na faɗa. Shi bai yi min komai ba.

Saura kwana biyu wa'adin ya cika, ina aji huɗu da hantsi, na hango ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar makaranta. Wani tsoho yana ta fama ya sauko, riga ta harɗe masa ƙafa. Sai da ya ɗago na gane Baba ne. Allin da ke hannuna ya faɗi. Na ruga na durƙusa na gaishe shi, na kai shi ɗakina a bayan ajujuwa, na shimfiɗa masa tabarma. Ya dubi katifata, ya dubi bokitin da nake tarar yoyo da shi, ya dubi ƙofar da nake tokarewa da turmi.

"Nan kaka kwana, Malam?"

Na ce nan ne. Sannan ya kawar da kai wajen bango, don ko a lokacin bai iya duban idona ba.

"Roƙo naz zo yi. Ka taimaki ƙanenka."

Mako uku ina tsara maganar da zan faɗa masa, da misalai da ranaku. Duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ni ma na nemi a maishe ni gida."

"Na sani," in ji shi. "Kai inda anka aje ka, nan za a iske ka. Shi ko in ban ɗauke shi ba, rasa shi za ni yi."

Yabo ne, na sani. Duk wanda na ba labarin nan sai ya ce min yabo ne. Amma ni ba yabo na zauna mako uku ina jira ba. Na ɗaga takardun jarrabawa, na zaro takardar, na sa hannu a wurare biyun da aka yi wa alama. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Na ce ya bari a kawo fura, ya ce a'a, yana so ya riski jami'in kafin a tashi daga ofis. Duka zamansa bai kai rabin awa ba.

Na raka shi, na riƙe masa riga har ya hau babur. Ya sa min albarka yana kallon hanya. Ƙanena ya tafi Katsina a makon, ya cika shekararsa ba tare da ya tsallake Litinin ko ɗaya ba, yanzu yana da mata da shagonsa, kuma wallahi ina murna da haka. Ni na ƙara shekara uku a Gurbin Bore kafin layi ya zo kaina a mayar da ni Kaura.

Amma ranar, da na tsaya a ƙofar makaranta ina kallon babur ɗin yana nisa, Baba ya dafe aljihunsa da hannu ɗaya bai waiwayo ba, abin da ya zo min a rai, Allah ya yafe min, shi ne da ma ni ne mashayin.