Gadon da Ke Bin Uba

Daga Allah muke, kuma gare Shi kika riga mu komawa. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce kin cika. Ƙarin nan na wuya da ya ɗauke Baba, shi ya ɗauke ki, Yaya.

Shekara da shekaru ina kiranki Likitar Ɓeraye, ba ki taɓa fushi ba. Ranar da na leƙa ɗakin bincikenku na tarar da ɓerayen cikin akwatunan roba, ga sanyi, ga abinci a kan kari, na ce wallahi sun fi malamin adabi irina gata. Kika ja mini kujera kika yi bayani: ƙwayoyin gado bibbiyu muke karɓa, na uwa da na uba, amma a wasu wurare jiki yakan rufe bakin ɗaya. Har akwai saƙo a cikin ƙwayoyin da ake karantawa ta baya, aikinsa kawai ya sa maƙwabcinsa shiru. Na ce na san irinsa a taron malamai. Kika yi dariya har da tari.

Bayan rasuwar Baba, ke kika bi mu gida-gida, da lallashi da faɗa, sai da aka gwada jininmu. Ni da ke muka ɗauko ƙwayar ciwon.

"Nawa yaran da sauƙi," kika ce. "Ciwon nan da wuya ya tashi in ba ta wajen uba ya biyo ba. Kai ne uba, sarkin surutu. Ka kai su a gwada."

An sa mana ranar Alhamis. Kin ce za ki raka mu, ki karanta mini sakamakon da bakinki, don likitoci ba su iya magana da matsorata ba. Yanzu kullum da safe sai na gyara wa autata kwalar riga, ina lalubar gefen wuyanta da yatsa. Jiya ta ce, "Baba, rigar fa lafiyarta ƙalau." Na karanta littattafai da yawa a kan mutuwa, babu wanda ya hana ni sake lalubawa yau da safe.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyarki ta zama kankarar zunubi. Ina yi wa mijinki da 'ya'yanki ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Duk wanda ya yi mata addu'a, don Allah ya haɗa da yarana uku. Alhamis ɗin jibi ce.