Abin da Baba Dawud Ya Gani a Jiƙaƙƙen Bango

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba Dawud. Ranar ta zagayo ina nan Riyad, ina bi ta gefen maƙabartar Al-Oud zuwa asibitin da nake jinyar tsofaffi. Shi kuwa kabarinsa yana can arewacin Ingila, a ƙasar da bai taɓa sabawa da sanyinta ba.

A gidan kula da tsofaffin Yahudawa na san shi, inda na yi aiki kafin in zo Saudiyya. Da ɗari-ɗari na shiga gidan, sai na tarar da mutanen da ba sa cin alade, tukwanen nama daban, na madara daban. Ran Juma'a kafin faɗuwar rana tsofaffin mata kan kunna kyandir, ran Asabar kuma ba mai taɓa makunnin lantarki. Baba Dawud haifaffen Bagadaza ne, tsohon mai sayar da yadi. Matarsa ta riga shi, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ni nake yi masa wanka da aski. In azahar ta yi yakan tura ni da sandarsa: "Je ka yi sallarka, ɗana, ba inda zan gudu."

Babbar damuwar mazan gidan ita ce jam'i. A wurinsu akwai addu'o'in da ba sa yiwuwa sai maza goma sun taru, har da wadda ake yi wa mamaci. Saboda haka duk wanda aka fitar da gawarsa, bayan kuka sai a shiga kallon kujerun da suka rage.

Akwai wata damuwar da ba a faɗinta a wurin cin abinci. Wata safiya muka tashi an fesa zagi da fenti a bangon gidan. Masu gadi suka yi maza suka wanke kafin a fito da tsofaffi shan iska. Ina tura keken Baba Dawud muka zo wurin, ya ce in tsaya. Ya daɗe yana duban bangon da ke jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Bai tambayi abin da aka rubuta ba. Sai ya ba ni labarin maƙwabcinsu a Bagadaza, wani mai gasa burodi da ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro. Wata rana mahaifin Baba Dawud ya gaishe shi, mutumin ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Bai zage su ba, bai jefe su ba. Shekara ba ta kewayo ba suka bar garin da kayan jikinsu. "Gaisuwa ce take fara mutuwa," in ji shi. "Sauran abubuwa daga baya suke zuwa."

A lokacin na ɗauka tsoron tsufa ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Yau ban da wannan tabbacin.

Wata abokiyar aikina ta dā ta ce min yanzu an ƙara masu gadi a gidan, kuma wasu tsofaffin kan cire 'yar hularsu su sa a aljihu kafin a kai su asibiti. Ba sai na leƙa nesa ba ma. A gidan da muke haya nan Riyad akwai direbobi biyu 'yan jiharmu, ɗaya Bahaushe ɗaya Bafulatani, da suka shekara suna cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya, in takardar zaman ɗaya ta sami matsala ɗayan ke raka shi wurin kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa. Tun da aka kai hari ƙauyen ɗaya daga cikinsu, wayoyi suka cika da hotuna, yanzu a kan matakala kowa bango yake kallo. Kalmar da na fi ji a bakin mutane ita ce "dukkansu". Dukkansu haka suke. Da Baba Dawud yana nan, na san ba zai yi wa'azi ba. Zai dai tambaye ni yaushe rabon da su gaisa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da Baba Dawud ya rasu maza tara aka samu. Aka jira, ba na goma. Daga ƙarshe aka turo wani tsoho da ya manta sunan kansa da na 'ya'yansa. Da aka fara addu'ar sai leɓunansa suka kama motsi, yana amsawa daidai inda ake amsawa. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba.

Me ya rage na mutumin da bai bar ɗa ba, bai bar gida ba? Kwanan baya aka kwantar da wani dattijo ɗan Iraƙi, mutumin Bagadaza, a sashenmu. Ina gyara masa matashi na tambaye shi jiki da Larabcin da na iya, wanda a bakin Baba Dawud na tsinci rabinsa. Sai ya riƙe min hannu.

"Wa ya koya maka wannan magana?"

"Wani dattijo ne ɗan garinku, Baba."

Ya ɗaga ido yana kallon silin. Can ya ce haka mutanen layin bayan gidansu suke magana yana yaro, rabonsa da jin ta tun wata safiya da ya ga ƙofofinsu a kulle. Ya ce ba wanda ya gaya wa yara inda suka tafi, su ma ba su tambaya ba.

Har aka sallame shi, kullum sai ya sa na maimaita masa gaisuwar.