Igiyar Bakin Tafki

Da hantsin ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Yuli, muna gyaran taru a bakin ruwa, labari ya iso mana cewa Allah Ya karɓi ran mai gadin tafkinmu, wanda muke kira Mai Igiya, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Yaya Mai Igiya, shekara ashirin da biyu kana tsare gefen tafkin da hukuma ta keɓe, inda kifi ke zuba ƙwai, tsuntsaye ke sheƙa cikin ciyawa. An ba ka waya mai ƙaya, ka jefa ta ɗakin ajiya har ta yi tsatsa. Kowace damina igiya ɗaya tak kake ɗaurawa daga wannan turke zuwa wancan, ka ce wata uku ba shiga. Mu masunta muka yi ta yi maka dariya, wai igiyar da ko akuya ba za ta tare ba. Kai kuwa cewa kake yi waya tana sa mutum neman almakashi, igiya kuwa kunyarsa take tayarwa.

Yau zan faɗi abin da ka rufa mini asiri a kai. Ni ne na yanke igiyar nan a shekarar da kamu ya yi ƙaranci, na shiga na cika kwalekwale da kifi masu ƙwai. Ka sani sarai, don kowa ya ga abin da na kai kasuwa. Ba ka kai ni ofis ba. Ka zo har gida da igiyar a kafaɗa, guntu biyu, ka gaida mahaifiyata, sannan ka ce, "Ƙanena, hannuna bai iya ƙullin masunta ba. Taimaka ka ɗaure mini."

Da marina ka yi, da ya fi mini sauƙi. Na ɗaure ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar ni ke ɗaura ta kowace shekara, kana tsaye kana kushe ƙullin don tsokana.

Ka tafi saura sati shida a buɗe ruwan, ofis kuma sun ce babu wanda za su turo sai bayan damina. Gaskiya na tsorata, don na san yunwa ba kanwar lasa ba ce, kuma na san halinmu. Jiya da safe na je dubawa. Iska ta tsinka igiyar wuri uku, amma duk an ɗaure. Ƙulli uku, hannu uku daban, babu nawa a ciki. Kwalekwale duk suna wannan gefen igiyar, ba wanda ya tsallake.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk ƙwan da ya ƙyanƙyashe a bayan igiyar nan ya shiga mizaninka. Mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu da ƙannenka, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu. Igiyar kuwa ba mai kwance ta sai ranar da ka sa.