Inna da Ƙwallon Zari-Ruga

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Kibo, wajen ƙarshen shekarun tamanin, yayana yana shekararsa ta biyu a Birtaniya, yana karatun injiniya a yankin Wales. Shi ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan zancensa ya kama dole sai ta ce "yayanku". Idan wasiƙarsa ta zo ni nake karantawa a tsakar gida, Baba yana zaune a kan buzunsa yana saurare, ita kuwa sai ta sami wani aiki a bakin murhu ta juya mana baya. Ba ta tambaya, ba ta ba da saƙo. Na daɗe da lura dai cewa muciya ba ta motsi a hannunta har sai na kai ƙarshen takardar.

Ana cikin hutun ƙarshen shekara wani abokin karatunsa ya dawo gida, ya biyo ta gidanmu a Limancin Kona da ƙunshi. Kaset ɗin bidiyo ne guda uku da wasiƙa. Yaya ya rubuta cewa kakar can ba irin tamu ba ce, babu girbi a gari, ganye ne kawai ke zuba, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa. A lokacin ne 'yan wasa daga ƙasashe masu nisa ke zuwa su kara da na can, Asabar bayan Asabar, a wani wasa da suke kira ragbi. Daga baya ne na ji masu rediyo suna ce masa ƙwallon zari-ruga. Tsohon da Yaya ke haya a gidansa ne ya naɗi wasanni uku daga talabijin, ya kuma kai shi kallon ɗaya da ƙafarsa. A ƙasan takardar Yaya ya ƙara da cewa, "Ina cikin 'yan kallo a kaset na biyu, da hular da Baba ya ba ni. Ku duba ko za ku gan ni."

Ba mu da bidiyo. Kawu, ƙanen Inna, ma'aikacin gwamnati ne a Ƙofar Jatau, shi ya ɗauko nasa da talabijin mai kala a bayan mota, ya haɗa mana a ɗakin Inna, ya nuna mini abin da zan danna. Ya ce mu riƙe har a koma makaranta.

Ranar farko ɗakin ya cika da matan maƙwabta, don labari ya riga ya zaga cewa za a ga Yaya yana magana daga Turai. Na ce mu fara da kaset na biyu. Inna, tana ɓarar gyaɗar da aka kawo daga gona, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "A fara da na farko mana. Gaggawar me ake yi?"

Sai ga fili kore shar, ga mutane dubbai suna waƙa da murya ɗaya. Wasu ƙarti masu baƙaƙen riguna suka jeru, suka dinga dukan cinyoyinsu suna zare ido suna zaro harshe, abokan karawarsu masu jajayen riguna suna tsaye suna kallonsu. Matan suka kwashe da dariya. Inna ta ce, "Kirari suke yi. Haka 'yan kokawa ke yi kafin a kama." Mahaifinta mai son kokawa ne, tana ƙarama yakan ɗora ta a wuya ya kai ta kallo.

Da aka fara wasan dariyar ta ragu. Ƙwallon ma ba zagayayye ba ne, kamar ƙwai yake, idan ya faɗi ƙasa ba wanda ya san inda zai nufa. Mutum ya rungume shi ya zura da gudu, wani ya kamo ƙafafunsa ya maka shi da ƙasa, sauran su haye kansu. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Wannan ai faɗa ne, ina 'yan sanda?" Kafin la'asar duk sun zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da Inna da tiren gyaɗa.

Ni aka ɗora wa tafinta, tunda ni ce malamar makaranta. Gaskiyar magana, mai sharhin yana zuba Turanci da sauri da wani irin harshe da ban saba ji ba, kalma ɗaya cikin biyar nake tsinta. Don kada in ji kunya sai na riƙa cike gurbin da abin da na ga dama. Alƙalin wasa ya busa usur, in ce, "Ya ce an yi ƙeta." Ya sake busawa, in ce, "Ya ce a huta."

Baba ne ya kama ni. Tsohon magatakardan kotun alƙali ne, ya yi ritaya, kuma ya riga ya faɗa cewa shi ba zai zauna kallon ƙarti da gajeren wando ba. Amma hanyarsa ta zuwa ɗaukar buta kullum sai ta bi ta ƙofar ɗakin Inna. A rana ta biyu ya tsaya a bakin labule ya ce, "Ɗazu da mutumin nan ya ɗaga hannu haka kin ce hutu ne. Yanzu ya sake ɗagawa kin ce ƙeta ce. Wanne ne a ciki?"

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

Ya ce, "To ki ce ba ki sani ba. Ɗauko takarda."

Na ɗauko wani littafin rubutu na 'yan makaranta, muka shiga tattara dokokin wasan da kanmu, kamar masu binciken ƙara, Baba yana sa baki daga bakin labule. Bayan azahar, idan akwai wuta, sai mu kunna, mu tsayar, mu mayar baya. Inna ce ta fara gano babbar dokar. Ta ajiye gyaɗa ta ce, "Ku tsaya. Mutanen nan gaba suke so su je, amma duk wanda zai miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo baya yake jefa masa." Muka mayar da kaset muka bi jifa ɗaya bayan ɗaya, haka ne kuwa. Sau ɗaya da wani ya jefa gaba, nan take aka busa usur. Na rubuta. Ita ce kuma ta raɗa wa abin nan da suke yi suna, inda mutum takwas-takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna turin juna, ƙwallo yana ƙarƙashinsu. Ta ce kunkuru ne, muka ci gaba da kiransa haka.

Abin da ya ɗaure wa Baba kai daban ne. Alƙalin wasan ɗan tsurut ne, amma idan ya kira ƙato sai ƙaton ya zo ya tsaya hannu a baya, ya saurara, ya juya ba musu. Wannan ya burge shi. Wanda ya hana shi sakat shi ne, wani lokaci alƙalin yakan ga laifi ƙuru-ƙuru, ya miƙa hannu gefe, amma ya ƙi busawa, ya bari wasa ya ci gaba. Can kuma sai ya busa ya dawo da su inda aka yi laifin, wani lokacin kuma ya sauke hannu kamar ba a yi komai ba. Baba ya ce, "Shekara nawa na yi a kotu ban ga alƙalin da ke riƙe hukunci a hannu yana gudu da shi ba." Ya sa na rubuta shi a shafin abubuwan da ba mu gane ba. Shafin nan ya fi na waɗanda muka gane tsawo.

Kwana biyar muka yi a kan kaset na farko. Ni na ƙagu, amma duk sanda na ɗauko na biyu sai Inna ta ce akwai wurin da ba ta gani da kyau ba. Sai daga baya na fahimci ba ta so a ce ita ce ta matsu.

Ranar da muka sa na biyu ba ta ɗauko gyaɗa ba. Ta zauna dab da talabijin, ta ce wai hasken taga ne ke damunta. A wannan wasan ana ruwa, 'yan wasa sun yi dumu-dumu da taɓo har ba a bambance riguna. Duk sanda kamara ta juya kan 'yan kallo sai in danna in tsayar. Hoton yakan yi ta rawa, layuka suna gilmawa, mu yi ta bin fuskoki, duk farare, duk da huluna na ulu. Bayan an dawo hutun rabin lokaci, aka ci, jama'a suka miƙe tsaye suna ɗaga hannuwa, sai na hango baƙar fuska ɗaya a cikinsu, da wani abu a kai mai kama da hular gida.

Na yi tsalle na ce, "Ga shi nan! Baba, ga Yaya!"

Baba ya shigo har tsakiyar ɗaki, abin da bai yi ba tun da aka fara. Ya sa tabarau ya sunkuya ya ce, "Kamar shi ne. Ya ɗan yi ƙiba."

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ba shi ba ne."

"Inna, duba hular."

"Na ga hula. Shi idan ya ɗaga hannu kafaɗarsa ta hagu ba ta kaiwa haka, tun faɗowar da ya yi daga bishiyar mangwaro. Kuma kunnen wannan a kwance yake."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a kansa ba. Ita ma ta ji abin da ta faɗa, ta gyara ɗankwali, ta kau da kai. Baba ya yi gyaran murya ya cire tabarau. Can ta sake duban hoton da ke rawa ta ce a hankali, "Ko ɗan waye wannan? Ko nasa sun san yana tsaye cikin ruwa haka?" Ta ce in saki kaset. Muka kalla har ƙarshe, ba mu sake ganin kowa ba.

Na ɗauka shi ke nan, tunda wasa na uku a wani gari aka yi shi, Yaya bai je ba. Washegari ina wanki sai na ji ta daga ɗaki tana cewa, "An kawo wuta fa."

A wannan wasan ta zaɓi ɓangare, masu korayen riguna, saboda wani ɗan gajere mai lamba tara a baya. Shi ke zura ƙwallo cikin kunkuru, ya zagaya ya ɗauke shi ta baya, yana yi wa ƙartin da suka ninka shi tsawa. Ta ce duk filin shi kaɗai ke kallon gabansa da bayansa. Wasa ya yi zafi, saura kaɗan a tashi, korayen sun danno har bakin layin da ake kai ƙwallo a ci, an kafa kunkuru, ɗan gajeren ya sunkuya zai ɗauka. Sai hoton ya yanke, talabijin ya koma yayyafi, bidiyo ya yi ƙara ya fara mayar da kaset baya da kansa. Zaren ne ya ƙare.

Inna ta ce, "Me kika taɓa?"

Na rantse ban taɓa komai ba. Muka sake sawa, ya sake yankewa a wuri ɗaya. Ta tashi ta fita, na ji tana ajiye kwanoni da ƙarfi.

Da yamma na zauna rubuta wa Yaya amsa. Baba ya faɗi tasa gaisuwar da addu'o'i, ya sa na kwafe tambayarsa ta hannun alƙali. Ina shirin ninke takarda sai Inna ta zo ta tsaya a kaina da ludayi a hannu. Ta ce, "Ki ce wa yayanku, yaron nan mai lamba tara, ya kai ƙwallon ko bai kai ba? Kuma ki ce masa wani karon a sayi kaset mai tsawo." Ta juya, ta sake juyowa. "Ki ce ya riƙa sa rigar ruwa."

Amsar ta ɗauki mako biyar. Kafin ta iso an koma makaranta, Kawu ya zo ya kwashe kayansa. Yaya ya zana mana filin da biro, ya bi tambayoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi can sama aka zaunar da su, bayan dogayen sandunan da ke kafe a ƙarshen fili, inda kamara ba ta kaiwa, mutumin da muka gani bai san shi ba. Game da hannun alƙali, ya ce idan an yi wa ɓangare laifi, alƙali yakan jira ya ga ko barin wasa ya ci gaba zai fi musu amfani da tsayar da shi, in bai yi ba sai ya dawo ga laifin. Baba ya sa na maimaita masa wurin sau biyu, ya shafa gemu, sannan ya ce zai kai maganar zauren abokansa bayan sallar Juma'a ya ji abin da za su ce.

Ɗan gajeren kuwa bai kai ba. An tare shi taku biyu kafin layi, korayen suka sha kashi. Inna tana tsugune a gefen tabarma, wannan karon fuskarta tana wajenmu. Ta ce, "Ai na ga alama. Ya cika son ya yi da kansa, ga mutum a hagunsa ba kowa a gabansa." Ta karɓi takardar daga hannuna, ta juya zanen filin sama da ƙasa, ta ce in nuna mata inda sandunan suke.