Yadda Aka Kore Mu Kafin A Raba Gado

Shekarata goma sha takwas a New York, babu ƙofar da aka taɓa rufe mini. Zama da Bature kuwa, ni ne malaminsa. Haka na faɗa wa Kawu Ilu, kawun matata Hajara, da ya zo mana daga Maraɗi, har na yi alkawarin kai shi silima ya ga wayewa.

Unguwarmu Mount Hope, 6:40 na safe

Fim sai ƙarfe goma da rabi, amma daga sallar asuba Kawu ya saka babbar riga ya zauna bakin ƙofa. Dole muka fito cikin sanyin da ko firji zai nemi bargo. Jirgin ƙasa na layin D, dala biyu da santi saba'in da biyar kowa. Sai da ya gaisa da duk wanda ke taragon, babu wanda ya amsa.

Manhattan, 7:25

Awa uku muna zagaye gini ɗaya. Da aka buɗe silimar, na sayi gugguru na dala takwas. Kawu ya leƙa kwalin ya ce, "Sabo, masarar ga daga Makka aka kawo ta?"

Cikin silima

Fim ɗin na barkwanci ne. Wani Ba'amurke mahaifinsa ya mutu ya bar gidan burodi a ƙauyen Faransa, ya je karɓa ya tarar da ƙanwar da bai san da ita ba. Shi yana son sayarwa a ranar, mutanen ƙauyen kuma ko takarda ba sa buɗewa sai sun yi awa biyu kan abincin rana.

Kawu ba ya jin Turanci, ni ba na jin Faransanci. Sai muka yi yadda ake yi a gidan kallo: in Ba'amurke ya yi magana na fassara, in Bafaranshe ne Kawu ya fassara. Muryar Kawu kuwa ta tsohon malamin makaranta ce, da ita za a iya kiran salla daga nan har unguwar Soundview mai nisa.

Wata mata ta juyo ta ce "shhh". Na yi mata murmushi.

Sai lauya ya karanta wasiyya: kashi ɗaya na ɗa, ɗaya na 'ya, ɗaya na karen marigayi.

Kawu ya miƙe tsaye. "Mi? Kare ya ci gado? Wane malami ya yi rabon ga?"

"Kawu, zauna, wasa ne."

"Ana wasa da gado? Namiji biyu, mace ɗaya, kare ƙashi!"

Ni ma, Allah ya yafe mini, na shiga kawo hujja da ƙarfi. Wani ma'aikaci ya zo da tocila, ya raka mu waje da ladabin da ya fi mari zafi. Minti talatin da biyar muka kalla. Gugguruna yana can ƙarƙashin kujera.

Gida, 12:30

Duk tasha sai Kawu ya tambaye ni wa ya samu gidan burodin, kamar ni ne lauyan. Mun iso lafiya, alhamdulillahi, na gode wa Hajara da ta zuba tuwo ba ta yi tambaya ba. Sai da Kawu ya wanke hannu ya dube ta.

"Hajara, shekara arba'in ina kallon fim Maraɗi, ba a taɓa korata ba. Sai yau da na biyo wanda ya san gari."